Kwabon Tagulla: Kuɗi Ne Ko Ƙarfe?

 

A ƙasar Amurka akwai wata sana'a wadda mai karatu zai ji ta kamar almara. Mutum ne zai tafi banki ya ba da dala 25, a miƙo masa akwati mai kwabbai 2,500, domin kwabo ɗari ne dala ɗaya a can. Idan ya isa gida sai ya zazzage su, ya tsince waɗanda aka buga kafin 1982 ya zuba a bokiti, sauran kuwa ya mai da su banki ya karɓi kuɗinsa, ya sake sayo wani akwatin. Waɗansu da ido suke duba shekarar da ke jikin kwabon, waɗansu kuma har na'ura suka saya mai rarrabe ƙarfe da ƙarfe.

Dalilin wannan wahala shi ne, tsohon kwabon nauyinsa giram 3.11 ne, kuma kashi 95 cikin ɗari nasa tagulla ce, wato jan ƙarfe. A 1982 gwamnati ta canja shi saboda tsadar tagulla, sabon ya zama giram 2.5, cikinsa tutiya, an shafa masa tagulla a baya kawai. To, duk lokacin da tan ɗaya na tagulla ya kai dala 10,000, kamar yadda ya kai a 2011, ƙarfen da ke cikin tsohon kwabo guda ya kusa kwabo uku ke nan. Sai dai ribar ba ta fitowa sai an narkar da shi, ga shi kuwa tun watan Disamba na 2006 an hana narkarwa, an kuma hana fita da shi ƙasashen waje da yawa, wanda ya saɓa yana iya fuskantar tarar dala 10,000 ko ɗaurin shekara biyar. Saboda haka mai tarawa jira yake yi a ɗage dokar. Hujjarsa kuma ita ce, haka aka yi da kuɗin azurfa: an daina buga yawancinsu a 1965, aka hana narkar da su, sa'an nan aka ɗage hanin a 1969, waɗanda suka ɓoye suka ci riba.

Mutumin nan bai yi sata ba, bai yi jabu ba, da kuɗinsa ya saya. Shin akwai abin da za a zarge shi da shi?

Wanda ya yi gaggawa zai kawo ayar Suratut Tauba mai gargaɗin masu taskace zinariya da azurfa. Amma ayar ba ta hau kansa ba, domin tagulla ba ɗaya ba ce daga cikin biyun, kuma mafi yawan malamai sun tafi a kan cewa dukiyar da aka fitar wa zakka ta fita daga wannan gargaɗi. Batun ɓoye kaya don su yi tsada, wanda malaman fiƙihu suke kira ihtikari, shi ya fi kusa. Imamu Malik, Allah Ya yi masa rahama, bai taƙaita shi ga abinci ba, ya shigar da duk abin da ɓoye shi zai cuci kasuwa. Cutar kuwa ta taɓa faruwa: a 1974 tagulla ta yi tsada, mutane suka ɓoye kwabo, aka yi ƙarancinsa a Amurka har gwamnati ta hana narkar da shi, hanin da bai tashi ba sai 1978. Wanda aka taɓa ba shi alewa ko ashana a madadin canjinsa ya san a kan wa irin wannan ƙaranci yake faɗawa. Ba a kan attajiri ba ne.

Amma tushen maganar ya fi wannan zurfi. Mai tara kwabo, a lokacin da yake gaban ma'aikacin banki, cewa yake yi wannan abu kuɗi ne, a ba shi ɗari a kan dala. Da ya koma gida sai ya ce ƙarfe ne, a auna shi da sikeli. Ya saye shi da suna ɗaya, yana so ya sayar da shi da wani sunan. Abin tambaya shi ne, wa yake da ikon cire wa kuɗi sunansa?

Magabata sun tattauna wannan tun da daɗewa, domin su ma suna da kuɗin tagulla, su ne ake kira fulus. Imamu Abu Hanifa da almajirinsa Abu Yusuf sun halatta a sayar da ƙwaya ɗaya ta fulus da biyu idan an ayyana su, suka ce zaman tagulla kuɗi yarjejeniya ce kawai, saboda haka mai saye da mai sayarwa suna iya warware ta a tsakaninsu su ɗauke ta a matsayin haja. Ɗaya almajirin, Muhammadu ɗan Hasan Shaibani, ya ƙi. Ya ce abin da jama'a duka suka ƙulla, mutum biyu ba su isa su kwance shi ba. Imamu Shafi'i bai ga riba a fulus ba sam. Imamu Malik kuwa ya ƙi a yi musayarsa da fifiko ko da jinkiri, har aka ruwaito a Mudawwana cewa ko fata mutane suka mayar kuɗi, zai ƙi a sayar da ita da zinariya ko azurfa a kan jinkiri. Ke nan wanda yake tallan buhun tsohon kwabo na dala 100 a intanet a kan fiye da dala 100, ya samu mai goyon bayansa a cikin manyan malamai, ya kuma samu mai hana shi.

Maganar Shaibani da Malik ita ta fi nauyi, domin kwabo ya bambanta da akuya ko riga. Akuya ta mai ita ce ɗungurungum, in ya ga dama ya yanka. Kwabo kuwa ƙimarsa ce ta mai riƙe da shi, amma shi kansa abin awo ne na jama'a, kamar mudun kasuwa, an buga shi da dukiyar baitulmali domin ya yi ta yawo daga hannu zuwa hannu. A cikin Suratu Hudu mutanen Annabi Shu'aibu (A.S.) sun yi masa gardama cewa suna da ikon yin yadda suka so da dukiyarsu, kuma waɗansu masu tafsiri, irin su Zaidu ɗan Aslam, sun ce daga cikin abin da ya hana su har da yanke gefen kuɗi. A Muwaɗɗa an ruwaito Sa'idu ɗan Musayyib yana lissafa yanke zinariya da azurfa cikin ɓarna a bayan ƙasa. Akwai kuma hadisi a wurin Abu Dawuda da Ibnu Majah mai hana karya kuɗin da ke gudana tsakanin Musulmi ba tare da dalili ba, ko da yake malaman hadisi sun raunana shi. Hujjar mutanen Madyana ita ce dai hujjar mai narkar da kwabo: nawa ne, ina ruwan wani?

Adalci dai ya sa a saurari ɗaya ɓangaren. Ba mai tarawa ne ya zubar da darajar kwabo ba. Hukuma ce ta bar kuɗi ya yi ta lalacewa har ƙarfensa ya fi shi tsada, kuma tun wajen 1405 Maƙrizi, masanin tarihin Masar, ya ɗora laifin tsadar zamaninsa a kan masu mulki da suka cika kasuwa da fulus. Talaka da ya ga ajiyarsa tana zagwanyewa, ya nemi abin da zai riƙe daraja, ba a ce ya yi mugunta ba. Wanda ya ware tsohon kwabo daga canjin da ya shigo hannunsa ya ajiye, babu komai a kansa. Inda abin yake ɓaci shi ne a mai da shi sana'a: a riƙa kwasar akwatuna kowane mako, a bar wa ma'aikatan banki ƙirga tarkacen da aka dawo da shi ba da ladan ko anini ba, gwamnati kuma a da takan buga sabo ta cike gurbi da hasara, domin a 2024 kowane kwabo guda ya ci mata kwabo 3.69. Ribar ta mutum ɗaya ce, ɗawainiyar kuwa an rarraba ta a kan mutanen da ba a shawarce su ba. Narkarwa a ɓoye kuwa, ga saɓa wa dokar da aka kafa don maslahar jama'a, ga karya kuɗi mai gudana.

Hukunci yana tafiya da dalilinsa, kuma dalilin ya fara motsi. Kanada ta daina buga nata kwabon a 2012. Amurka ma ta buga na ƙarshe domin kasuwa a Filadelfiya ranar 12 ga Nuwamba, 2025, ba tare da ta soke karɓar wanda ke hannun mutane ba. A ƙarshen 2025 ne kantuna da yawa suka yi kukan rashin kwabon canji, wato lokacin da ɓoyewa ta fi cutarwa ke nan. Ranar da hukuma ta janye shi ta ɗage hanin, jama'ar da ta ƙulla ita ce ta kwance, kwabo ya koma ƙarfe, har a wurin Shaibani, mai bokiti ya sayar da abinsa a kilo kamar kowace tsohuwar waya.

Kafin ranar ta zo, dala 100 ta tsohon kwabo kilo 31 ce, tan guda kuma bai wuce dala 3,200 da 'yan kai ba, ga wurin ajiya, ga shekarun da kuɗin ya yi kwance bai juya ba. Zakka ma tana nan tana jiransa. Idan ya ce kuɗi ne, malaman zamani sun ce ya haɗa shi da sauran kuɗinsa ya fitar duk shekara in ya kai nisabi. Idan ya ce haja ce yake jira ta yi tsada, to a mazhabar Malik zai fitar da ta shekara ɗaya ranar da ya sayar.