Igiya Daga Ƙofar Gida Zuwa Garke

Ku da kuke fita tun da asuba, wani da fartanya, wani da sandar kiwo, wata da alli a hannu, ku matso ku ji yadda 'yan'uwanku suka yi a shimfiɗaɗɗun filayen tsakiyar Amurka, inda babu tsauni ko kurmin da zai tare iska.

Ranar 12 ga Janairu, 1888, gari ya waye da ɗumi a Dakota da Nebraska, har yara da yawa suka tafi makaranta ba rigar sanyi. Rana na tsaka iska ta taso daga arewa, ta kwaso dusar ƙanƙara mai laushi kamar garin tuwo, mutum ba ya ganin tafin hannunsa. Kimanin mutum 235 suka rasu. Wasu an tsinci gawarsu taku kaɗan daga ƙofar gidansu. Amma a Mira Valley da ke Nebraska, da iska ta yaye rufin aji, wata malama 'yar shekara 19, Minnie Freeman, ta tattara ɗalibanta 13, ta ratsa da su cikin guguwar har ta kai su wani gida. Ko ɗaya bai salwanta ba. Malamar ƙauye ce fa, irin wadda ba a cika tunawa da ita ba.

A hunturun 1880 zuwa 1881 jirgin ƙasa ya yi watanni bai isa garin De Smet na Dakota ba. Kwal ya ƙare, sai mutanen garin suka riƙa murɗa busasshiyar ciyawa suna hura murhu, hannuwa duk sun tsattsage. Alkama kuwa a ɗan injin niƙa kofi ake niƙa ta, wannan ya gaji wancan ya karɓa. A 1949, da dusar ta rufe hanyoyi, jiragen soja ne suka riƙa jefa wa shanu harawa daga sama.

Abin da ya fi taɓa min zuciya shi ne igiya. A wancan zamani, kafin guguwa ta iso, manomi kan ɗaura ta daga ƙofar gida zuwa garke, don shanu ba su san hutu ba, dole a ba su abinci.

Kai da aiki ya sha wa kai, ɗan'uwa, kada gwiwarka ta yi sanyi! Dubi mutumin nan: iska na rugugi, ƙanƙara ta liƙe masa gashin ido, matarsa ta kunna fitila a taga, shi kuwa ya kama igiyarsa yana jan jiki taku bayan taku, har ya jiyo kukan shanunsa.