Ƙarfin Halin Ranar Litinin

Karatu: 1 Sarakuna 19:1-18, 2 Korantiyawa 12:7-10



Ranar Lahadi ba ta da wuya. Ganguna suna tashi, mawaƙa suna rerawa, an ɗora maka hannu an yi addu'a, ka fito daga sujada kana ji kamar za ka ture dutse. Sai gari ya waye Litinin. Mai gida ya aiko a kan kuɗin haya, an koro yaro daga makaranta, mudun masara ya ƙara tsada, ga maganin hawan jinin Mama ya ƙare. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota kaɗai ya isa ya hana magidanci barci. Gabanka yana faɗuwa, wata murya kuma tana ce maka a zuci: "Ina bangaskiyar da ka yi ta ihu a kanta jiya? Da kai mai bi ne na gaske, da ba ka ji tsoro ba."

To, gaskiya wannan murya take faɗa? Tsoro da gajiya alama ce cewa bangaskiyar mutum ta mutu? Dole mu amsa wannan tambaya ba da wasa ba, domin na san 'yan'uwa da suka daina zuwa sujada alhali ba su ƙi Yesu ba. Kunya ce ta zaunar da su a gida. Kowa yana tashi yana ba da shaidar nasara, su kuwa ba su da abin faɗi sai bashi da ciwo.

Mu duba annabi Iliya. A kan Dutsen Karmel ya tsaya shi kaɗai gaban annabawan Ba'al 450. Ya yi addu'a wuta ta sauko, ya sake yin addu'a ruwan sama ya zubo bayan shekarun fari. Wannan ita ce Lahadinsa. Ba a jima ba Yezebel ta aiko masa da saƙo cewa kafin warhaka gobe za ta kashe shi. Mutumin da ya ga wuta ta sauko da idonsa sai ya ranta a na kare. Ya gudu har Biyersheba, ya bar baransa a can, ya yi tafiyar yini guda cikin jeji, ya zauna a gindin wani ɗan itace ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Wannan kuma ita ce Litinin ɗinsa. Ba banza ba wasiƙar Yakubu ta tuna mana cewa Iliya ɗan adam ne kamarmu.

Yanzu ka lura da abin da Allah ya yi masa. Bai aiko mala'ika da bulala ba. Ya aiko shi da gurasa da butar ruwa. Iliya ya ci, ya sha, ya koma barci, aka sake tashe shi ya ci, saboda tafiyar da ke gabansa tana da nisa. Sai bayan kwana 40, a kogon Dutsen Horeb, Allah ya tambaye shi abin da ya kawo shi, ya kuma bar shi ya zazzage kukansa har sau biyu. Iska mai ƙarfi ta wuce, ƙasa ta girgiza, wuta ta wuce, amma cikin wata 'yar siririyar murya Ubangiji ya same shi. Daga nan ya mai da shi bakin aiki, ya nuna masa Elisha wanda zai gaje shi, ya kuma sanar da shi cewa akwai mutum 7,000 a Isra'ila da ba su durƙusa wa Ba'al ba. Abinci, barci, kunnen sauraro, aiki da abokan tafiya, su ne maganin da Allah ya ba bawansa da ya tsorata. Idan Allah bai kori Iliya ba don ya ji tsoro, wa ya ce maka ya kore ka?

Na san wani zai ce: "Mai bishara, ai mu mutanen Ruhu Mai Tsarki ne. Mun gaskata da warkarwa da mu'ujiza. Wannan magana ba za ta sanyaya wa mutane gwiwa ba?" Ni ma na gaskata. Na ga marasa lafiya da aka yi wa addu'a suka tashi, kuma ba zan daina ɗora hannu ina roƙo cikin sunan Yesu ba. Amma ka buɗe Ayyukan Manzanni sura 12. A sura ɗaya Hirudus ya kashe Yakubu ɗan'uwan Yahaya da takobi, a wannan surar kuma mala'ika ya fitar da Bitrus daga kurkuku. Za mu ce Yakubu ba shi da bangaskiya? Bulus, wanda Allah ya warkar da mutane ta hannunsa, sau uku yana roƙo a cire masa ƙayar da ke jikinsa. Ba a cire ba, aka ba shi alherin da zai ɗauke ta. Ubangijinmu kansa a Getsamani ya yi baƙin ciki ƙwarai, ya roƙa a kawar masa da ƙoƙon wahala, sa'an nan ya miƙa kansa ga nufin Uba. Saboda haka ba a auna bangaskiya da saurin amsar addu'a. Ana ganinta ne a wurin da mutum ya sa ƙafarsa sa'ad da amsar ba ta iso ba.

A nan ne haɗarin yake. Jin tsoro ba zunubi ba ne, amma sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Tsoron talauci ne yake sa mai awo ta bubbuge gindin mudu. Shi ne yake sa ma'aikaci ya ɓoye fayil sai an ba shi na goro. Tsoron ciwo ne yake kai wanda ya yi waƙa ranar Lahadi ƙofar boka ranar Laraba da dare. Ba kowa ne cikinmu za a tsayar gaban sarki a ce ya yi musun Almasihu ba, amma kusan kowace safiya ana tsayar da mu gaban ƙaramar ƙarya mai riba.

Bari in ba ka nawa labarin. Wata shekara mun dawo daga taron farkawa na kwana uku a wani ƙauye, mutane sun karɓi Yesu, zuciyata fari tas. Da na iso gida na tarar 'yarmu tana kwance, jiki ya yi zafi kamar garwashi. A asibiti aka ce sai an ƙara mata jini, kuma sai an ajiye kuɗi tukuna. Abin da ke aljihuna bai kai rabi ba. Amma a jakata akwai baikon da ikilisiya ta tara don sayen kwanon rufin majami'a, ni aka ba ajiya. Ba wanda ya san adadinsa sai ni da ma'aji. Zuciyata ta ce: "Ɗauka, ka mayar a ƙarshen wata, wa zai sani?" Ina zaune a kan benci, ni da na yi wa'azin bangaskiya kwana uku, hannuna yana rawa.

Ina cikin haka sai ga wata tsohuwa daga zumuntar mata, da kunu a jarka. Ta dube ni ta ce: "Ɗana, sha tukuna. Ba a yin shawara da yunwa." Na sha. Sai na ji bakina ya buɗe, na ce: "Mama, kuɗi ne ba ni da shi." Wannan magana ta fi mini wa'azi a kasuwa wuya, domin na saba a zo wurina neman taimako. Ta tafi ta sanar da fasto da dattawa. Wani matashi ya ba da jininsa, 'yan'uwa suka harhaɗa abin da suka iya. Bai isa ba, sai da na sayar da babur ɗina, na yi wata da watanni ina zuwa bishara a ƙasa. Yarinya ta warke, yabo ga Ubangiji. Kuɗin rufi kuwa na miƙa shi cif, ina iya duban idon kowa. Da sun ba ni izini in ranta, da ba laifi. Ɗauka a ɓoye ne zai zama sata, ko da na yi niyyar mayarwa.

Abin da na koya ke nan, shi nake miƙa maka yau. Ƙarfin halin mai bi shi ne ya yi abin da ke daidai a yau, ko da gabansa yana faɗuwa. In ka gaji, ka ci abinci ka huta, ba rashin ruhaniya ba ne. In kana da kuka, ka kai wa Allah shi yadda yake, ba sai ka yi masa ado ba. In nauyi ya fi ƙarfinka, ka faɗa wa ɗan'uwa amintacce, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kada ka ari damuwar wata mai zuwa. Manna ta kwana ɗaya-ɗaya Allah ya riƙa ba Isra'ilawa a jeji, haka ma yake ba da ƙarfi.

Kai kuma da Ubangiji ya buɗa maka a wannan lokaci, ka waiwaya ka duba bencin da babu kowa ranar Lahadi. Wane ne ya daina zuwa? Kafin ka ce ya ja da baya, ka je gidansa da mudun hatsi a hannu. Wataƙila kai ne za a aika da gurasa da butar ruwa.

Abin tunani: Wace gajeriyar hanya ce tsoro yake nuna maka a wannan mako? Wa za ka gaya wa halin da kake ciki kafin rana ta faɗi?

Addu'a: Ya Uba, ka san abin da yake tsorata ni. Ba zan ɓoye maka ba. Ka cika ni da Ruhunka Mai Tsarki, ka tsare hannuna daga abin da ba nawa ba, ka tsare bakina daga ƙarya. Ina roƙon ka buɗe mini hanya, in kuwa ka ga dama in jira, ka ba ni ƙarfin da zai ishe ni yau. Cikin sunan Yesu Almasihu na roƙa. Amin.