In Saura Mudu Ɗaya Fa?

Sa Allah gaba yana da sauƙi in rumbu cike yake. In saura mudu ɗaya fa?

Tuna da gwauruwar Zarefat a 1 Sarakuna 17. Ɗan gari da ɗan mai suka rage mata da ɗanta, amma Iliya ya ce ta fara toya masa. Ta yi biyayya tun ba ta ga mu'ujiza ba, garin kuwa bai ƙare ba.

Kada ka mai da wannan ciniki. Mai ba Allah don a ninka masa, riba ya sa gaba, ba Ubangiji ba. Gwauruwar ba dukiya ta tara ba, abincin kowace rana ta samu.

Addu'a: Ya Uba, ko rumbuna ya ƙare, kai ne na fari. Amin.