Halinsa Ne, Ko Halin da Yake Ciki?

La'asar sakaliya a kan titin gidan Zoo a Kano, motoci sun cushe ana tafiyar hawainiya. Wani magidanci yana zaune a motarsa, gumi na tsiyaya, sai ga ɗan adaidaita sahu ya kutso ta gefe, ya goge masa madubi, ya wuce ko waiwaye babu. Magidancin ya leƙo ta taga ya aika masa da abin da ya sawwaƙa, sannan ya dubi abokinsa ya ce, "Ka gani ko, Alhaji? Halinsu ke nan, ba tarbiyya." Ba a yi minti goma ba wayarsa ta yi ƙara. Uwargida ce: an kira daga makaranta, autansu ya faɗi ya fasa kai. Nan take ya karya kan mota ya bi hannun da ba nasa ba, yana danna hon, yana ɗaga wa mutane hannu. Wani mai babur da ya tsallake rijiya da baya ya bi shi da harara, ya ce, "Masu motar nan, halinsu ke nan."

Da za a tsayar da magidancin a ce masa ba shi da tarbiyya, da ya rantse cewa shi ba haka yake ba, lalura ce. Kuma gaskiya ya faɗa. Abin da bai tsaya ya tambaya ba shi ne ko ɗan adaidaitan ma akwai tasa lalurar: balas ɗin da mai mashin ke jira da daddare, ko fasinja mai naƙuda a kujerar baya.

Hausa ta yi wani abin mamaki a nan, domin kalma ɗaya ta ba abubuwan biyu. Idan aka ce "halinsa", ana nufin ɗabi'ar da ke jikin mutum, wadda aka ce zanen dutse ce. Idan aka ce "halin da yake ciki", ana nufin abin da ya kewaye shi a wannan lokaci, talauci ko ciwo ko gaggawa. Kalmar daga Larabci ta zo, inda asalin ma'anarta ta fi kusa da ta biyun, wato yanayi mai sauyawa. Bahaushe ya karɓe ta ya ɗora mata nauyin abin da ba ya sauyawa. A bakin yau da kullum kuwa rabon a bayyane yake: zanen dutse na maƙwabci ne, yanayi kuma na mai magana.

Masana halayyar ɗan Adam a Amurka sun daɗe suna auna wannan. A 1967 Edward Jones da Victor Harris na Jami'ar Duke suka ba ɗalibai rubuce-rubuce, wasu na yabon Fidel Castro na Kuba, wasu na sukarsa. Aka gaya wa wasu masu karatun ƙarara cewa marubucin ba shi ya zaɓi ɓangaren ba, umarni aka ba shi. Duk da haka suka tafi a kan cewa wanda ya yabi Castro lallai akwai son Castro a ransa. Sun ji bayanin tilas ɗin da kunnensu, amma bai hana su yanke hukunci a kan zuciyar mutumin ba. Shekara goma bayan haka Lee Ross na Jami'ar Stanford ya raɗa wa abin suna, ya kira shi babban kuskuren jingina dalili: saurin rataya aikin mutum a wuyan ɗabi'arsa, da raina ƙarfin abin da ya tura shi.

Gwajin da ya fi shiga rai shi ne wanda John Darley da Daniel Batson suka wallafa a 1973. Ɗaliban makarantar horar da limaman Kirista ta Princeton suka ɗauka, mutum 40, aka ce kowanne zai je wani gini da ke kusa ya yi ɗan jawabi. Wasu an ba su batun aikin yi bayan kammala karatu. Wasu kuwa an ce su yi magana a kan labarin Basamariyen nan na cikin Linjilar Luka, wanda ya tsaya ya taimaki mutumin da 'yan fashi suka yasar a hanya bayan manyan masu addini sun ratse sun wuce. Kafin kowa ya fita sai a gaya masa ɗayan uku: ka makara ana jiranka, ko lokaci ya yi daidai, ko akwai sauran lokaci. A lungun da za su bi an ajiye wani mutum a zube bakin ƙofa, kai a sunkuye, yana tari yana nishi.

Cikin waɗanda aka ce suna da lokaci, kashi 63 cikin 100 sun tsaya. Cikin waɗanda aka ce sun makara, kashi 10 kacal. Batun jawabin bai yi wani tasirin a-zo-a-gani ba. Har an samu wanda ya tsallake mutumin da ƙafa, yana sauri ya je ya yi wa'azi a kan falalar tsayawa a taimaki wanda ya faɗi a hanya.

Mai karatu zai so ya ce munafukai ne. Wannan ma shi ne kuskuren da ake magana a kai, an sake tafka shi. Ba a tara marasa tausayi a rukunin gaggawa ba, ƙuri'a ce ta raba su. 'Yar jimla guda da aka faɗa musu a bakin ƙofa ita ta bambanta mai tsayawa da mai wucewa.

Dalilin kuskuren ba ɓoyayye ba ne. Mai kallo mutum yake gani, ba ya ganin wayar da aka yi masa, ko bashin da ya hana shi barci jiya. Shi kuwa mai aikin ba ya ganin fuskarsa, matsalar da ke gabansa yake gani. Sai dai akwai son kai a ciki, fiye da yadda aka zata da farko. A 2006 Bertram Malle ya tattara bincike 173 da aka yi a kan bambancin mai yi da mai kallo, ya tarar cewa bambancin ya fi fitowa ne idan abin da aka yi mummuna ne. Idan abin yabo ne sai lissafin ya juye: wanda ya ci jarrabawa ƙoƙarinsa ne, ɗan maƙwabta da ya ci kuwa sa'a ce ko hanya. Masu cewa laifi tudu ne sun riga Malle gano rabin wannan.

Wasu masana falsafa sun ja zaren har ya kusa tsinkewa. Gilbert Harman a 1999 ya yi da'awar cewa babu wata ƙwaƙƙwarar hujja da ke nuna akwai tabbatacciyar ɗabi'a irin wadda mutane ke zato, John Doris kuma ya rubuta littafi guda a kan haka a 2002. Wannan ya yi yawa. Duk wanda ya taɓa ba da bashi a kasuwa ya san akwai wanda ko gobara ya yi zai zo ya yi bayani, akwai kuma wanda ko ya samu riba ninki sai an kai shi gaban sarkin kasuwa. Abubuwan da Anthony Kirk-Greene ya lissafa a 1974 cikin nazarinsa a kan mutumin kirki a wurin Hausawa, irin su gaskiya da amana da haƙuri da kunya da karamci, ba tatsuniya ba ne. Aikin William Fleeson na 2001 ya fi kusa da abin da ido ke gani. Ya sa mutane suna rubuta yadda suke sau da yawa a rana har tsawon makonni, sai ya ga mutum ɗaya yana iya zama mai fara'a da hantsi, mai ɗaure fuska da azahar, amma idan aka haɗa mako guda aka auna, matsakaicinsa na wannan mako kusan shi ne na mako mai zuwa. Ashe hali yana nan, sai dai ba a karanta shi a haɗuwa ɗaya a kan titi.

Ko hali zanen dutse ne, wannan wata magana ce. Imam Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi raddi a cikin littafinsa Ihya'u ga masu cewa ɗabi'a ba ta canzawa. Hujjarsa ita ce da haka ne da wa'azi da nasiha da horo duk sun zama aikin banza, alhali ana horar da doki mai tutsu ya yi laushi, ana koya wa karen farauta ya kama nama ya bar wa maigidansa. Amma bai ce komai na iya zama komai ba. Ya kawo misalin ƙwallon dabino, wanda idan aka kula da shi zai zama bishiyar dabino, amma duk ban ruwan duniya ba zai mai da shi tuffa ba.

Labarai biyu na Sayyadina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, sun kama bakin zaren ta kowane gefe. A na farko, an ruwaito cewa wani ya zo yana yabon wani mai ba da shaida. Umar ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne da ya san shigarsa da fitarsa, ko sun taɓa tafiya tare, ko kuɗi ya taɓa haɗa su. Duk ya ce a'a. Umar ya ce to wataƙila a masallaci ya gan shi yana ruku'u da sujada, ya kuma sallame shi da cewa bai san mutumin ba. Abin lura shi ne yabo aka yi a nan, ba zagi ba, amma kuskuren iri ɗaya ne: an ga mutum a wuri guda an yanke masa hali. Iyayen da ke binciken aure ta hanyar tambayar limamin unguwa kaɗai, ba su leƙa wurin abokan cinikin yaron ba, suna da abin dubawa a nan.

Na biyun yana cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik. Bayin wani mai suna Haɗib sun saci taguwar wani mutumin ƙabilar Muzaina suka yanka. Laifi ya tabbata, har Umar ya ba da umarnin a zartar da haddi. Sai ya dakata, ya juya kan ubangidan nasu, ya ce yana ganin yunwa ake bar su da ita. Ya tambayi mai taguwar kuɗinta, mutumin ya ce ko dirhami 400 aka taya ba zai sayar ba. Umar ya sa ubangidan bayin ya biya shi 800.