Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Wanda ya taɓa fafar gora ya san ba aikin yini ɗaya ba ne. Sai an yanke bakinsa, a ƙwaƙule 'ya'yan, a jiƙa shi kwana da kwanaki ana zubar da ruwan har ɗacin ya fita. Mai gaggawa kuwa ruwa mai ɗaci zai sha a tsakiyar daji.

Hausawan Gadarif sun san tafiya. Kakanninsu da ƙafa suka iso gabashin Sudan, wasu a hanyar Makka, wasu bayan yaƙin Burmi na 1903. Kuma tafiyar ba ta ƙare ba. Da Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF a Disambar 2023, ajujuwan makarantun Gadarif sun cika da masu gudun hijira. A irin wannan rana ake gane naƙasasshen ɗan da aka shirya da wanda aka killace. Kurman da ya iya rubuta sunansa da lambar wayar yayansa, ko ya ɓace a tasha, za a sada shi da dangi. Wanda bai taɓa fita ƙofar gida shi kaɗai ba fa?

Ni dai na fi jin tsoron tausayi a kan tsangwama, don tausayi ba ya kama da laifi. Yarinya ce 'yar shekara goma sha bakwai mai jinkirin fahimta, ta miƙa hannu za ta ɗauki tsintsiya, uwa ta ce, "Bari, 'yata, ke da ba ki da lafiya." Ba ta taɓa ƙirga canji ba, ba ta taɓa shiga raksha ta faɗi inda za ta sauka ba, ba wanda ya zaunar da ita ya faɗa mata inda bai halatta wani namiji ya taɓa ta ba. Uwar nan kuma ita ce ke kwana tana cewa, "Wa zai riƙe min ita in na mutu?"

Sudan ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2009, ta yi doka a 2017. Madalla. Sai dai doka ba ta koya wa makaho tura kuɗi ta manhajar Bankak.

Gadarif, garin da kasuwar riɗi da dawarsa ta yi suna a faɗin ƙasa, bai rasa aikin hannu ba: ɗinkin buhu, tankaɗe, awo, gyaran waya, toya kisra. A Kano guragu ke walda kekunan da 'yan uwansu ke hawa. Abin da ake nema shi ne maigidan da zai karɓi yaro tun yana shekara goma sha biyu, ya jure maimaita magana sau goma, ya kuma damƙa masa ladansa a hannunsa, ba a hannun babansa ba.