HAƘƘIN DA TALAKA BA YA IYA KARƁA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Yabo ya tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka:

Ya kai ɗan'uwana matashi, ga tambaya. In aka ce wa lebura, "Matarka ta haihu, je ka kula da ita, amma babu albashi," haƙƙi aka ba shi ko ba'a aka yi masa?

Wannan abu ya faru a Amurka. A shekarar 1993 suka yi dokar da ta ba ma'aikaci hutun mako 12 don haihuwa ko jinya, ba za a kore shi ba, amma ba za a biya shi ko sisi ba. Mai babban albashi yana da ajiya, sai ya tafi hutunsa. Mai wanke-wanke a gidan abinci fa? In bai fita yau ba, gobe ba a ɗora tukunya.

A 2004 jihar Kalifoniya ta fara biyan masu irin wannan hutu daga wani asusu da ake cire wa kowane ma'aikaci ɗan kaɗan a zuba. Amma a lokacin kashi 55 cikin 100 na albashi ake ba mutum. Wanda cikakken albashinsa ma da ƙyar yake kai shi ƙarshen wata, ina zai rayu da rabi? Sai ya zama talaka yana zuba kuɗi, mai hali yana cin moriya. A 2022 suka gyara dokar: daga 2024 mai babban albashi yana zubawa a kan dukkan albashinsa, daga 2025 kuma mai ƙaramin albashi yana karɓar har kashi 90.

To, ɗan'uwa, Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya riga su gane wannan. Malaman tarihi sun ruwaito cewa wani dare ya ji jariri yana ta kuka a Madina. Ashe uwar ce take son yaye shi tun lokaci bai yi ba, domin baitulmali ba ya yanka wa yaro kaso sai an yaye shi. Umar ya yi kuka, ya zargi kansa, ya ba da umarni a yanka wa kowane jariri kasonsa tun daga haihuwa. Lura da kyau, bai ga laifin matar ba. Tsarinsa ya gyara.

Wataƙila ka ce, "Malam, mai ƙaramin shago ba zai iya biyan yaron da ba ya aiki ba." Gaskiyarka. Shi ya sa bai kamata a ɗora nauyin a kan mutum ɗaya ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A yi asusu, kowa ya zuba gwargwadon samunsa, a fifita mai rauni wajen rabo.

Kai ma gobe za ka ɗauki yaron shago, ko ka shiga ƙungiyar 'yan kasuwa ko ta ƙwadago. Ka kawo wannan magana a can. Ranar da yaronka ya kwanta ciwo kuma, kada ka yanke masa na abinci, domin Allah zai tambaye ka.

Allah Ya sa mu dace. Wassalamu alaikum.