LITTATTAFAN MALAMANMU: WA ZAI GINA MUSU ƊAKI?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, wanda duk ya san ƙasar Haɗeja ya san cewa kogin da ke ba mu kifi da shinkafa shi ne kuma ke cin gidajenmu. A ambaliyar 2020 da ta 2022, gidajen ƙasa da yawa sun rushe a garuruwan fadama, har da yankin Kirikasamma inda Baturiya take. An yi lissafin gonaki da dabbobi, an yi jaje. To, amma littattafan malamai fa? Alƙur'ani rubutun hannu da ke cikin gafaka, da Risala da Iziyya masu ɗauke da sharhin kakanni a gefen warƙa, in ruwa ya taɓa su tawada ta narke, shi ke nan. Gona dai a sake nomawa baɗi, wannan kuwa ba a sake shi.

Ba ruwa ne kaɗai abokin gaba ba. Akwai gara, akwai gobara, akwai kuma rabon gado. Malami ya shekara arba'in yana tara littattafai, ranar rabo sai wannan ya ɗauki juzu'i na ɗaya, wancan na biyu, wanda bai yi karatu ba ya jefa nasa akwati, ya rufe.

Musulmin Turkiyya sun gamu da irin wannan matsala a zamanin daularsu ta Usmaniyya (ba ta Shehu Ɗan Fodiyo ba), suka yi mata magani da abu biyu: gini da waƙafi. Da fari littattafai a masallatai da makarantu suke ajiye. A shekarar 1678 sai gidan Koprulu, gidan waziran Sarki, ya kafa ɗakin karatu mai ginin kansa a Istambul, birnin da kakanninmu ke kira Santambul. Sarki Ahmadu na Uku ya gina nasa a fadar Topkapi a 1719, Waziri Ragib Basha ya bi sahu a 1763. Dubi hikimar maginansu: sai su ɗora ɗakin a kan wani gini na ƙasa wanda iska ke ratsawa, don kada danshi ya hau. Bango na dutse da tubali saboda gobara, tagogi sama da ƙasa saboda haske. A na Ragib Basha, tsakiyar ɗakin aka killace littattafan cikin ragar ƙarfe, masu karatu na zaune kewaye.

Gini kuwa ba ya tsare kansa. Saboda haka mai waƙafi kan haɗa da kantuna ko gonaki, a rubuta a gaban alƙali cewa da kuɗinsu za a biya mai tsaron littattafai da mai gyaran bangonsu. A rubuta ranakun buɗewa, sau da yawa kuma a hana fita da littafi waje. Ɗalibi matalauci ya shigo ya karanta, ya kwafa, ba ko anini. Har Madina abin ya kai, inda Shaihul Islami Arif Hikmat ya kafa nasa a 1853.

Asalin wannan duka Sunna ce. Sayyidina Umar ya yi waƙafin gonarsa ta Khaibara bisa shawarar Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, aka hana sayar da ita, ko kyautar da ita, ko gadonta. Imamu Muslim kuma ya ruwaito daga Abu Huraira cewa sadaka mai gudana da ilmi mai amfani suna cikin abubuwa uku da ladansu ke bin mamaci. Waƙafin littafi ya haɗa biyun, kuma malamanmu na Malikiyya sun halatta shi. A ƙasarmu ma mun ga amfanin adanawa a taskar marigayi Waziri Junaidu ta Sakkwato, da Gidan Arewa na Kaduna wanda aka kafa a 1970.

Ba mu ce a gina ƙubba irin ta Santambul ba. Ɗaki guda ya isa, a jikin masallacin Jumma'a, a kan tudu, a ɗaga daɓensa sama da inda ruwa ya taɓa kaiwa. Attajiri ya ba da shago ko fadama ɗaya don albashin mai kula. Malami kuma ya rubuta waƙafinsa tun yana da rai, a gaban shaidu, a ɗauki hoton kowace warƙa a ajiye wani wuri dabam. A fara tun rani, kafin ruwa ya sake zuwa.

Allah ya jiƙan malamanmu, ya amfane mu da abin da suka bari, amin. Wassalamu alaikum.